Idan Hure Ta Yi Shiru

Tandabawi, Makka
4 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Mujahida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar nan da kika san halinta. Yayanki Marwan yana Jidda da iyalinsa. Ya leƙo ranar Juma'a, ya sha shayi a tsaye ya tafi.

Kin ce in riƙa yi miki saƙon murya. Ba zan yi ba. Na yi sakandare a Kazaure tun ba a san jawwal, wato wayar hannu, ba, kuma magana mai nauyi a takarda ake yin ta. Zan rubuta, maƙwabciyata Tahani matar Idris mai tasi ta ɗauki hoton takardar ta tura miki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Marwan ya ce takardarki ta fita da dawowa za ta ƙare ranar 25 ga Shawwal. Sau biyu ana tsawaita ta, ya ce ba na uku. In ranar ta wuce ba ki shigo ba, iƙamarki ta zama a ƙasar nan ta mutu. Garin da aka yanke miki cibiya, garin da aka binne mahaifinki Isufu, sai dai ki shigo shi da biza kina ƙirga kwanaki kamar kowane alhaji.

Ki yi tunani, Mujahida. Mutane suna sayar da gona don su zo nan su yi sati biyu. Ke Allah ya sa aka haife ki inda kike jin kiran sallar Harami daga kan tabarma, kika tsallake kika tafi ƙarshen Afirka kina zaune a kan yashi kina kallon ɓeraye. Da na yarda ki je jami'a a Zariya, na ɗauka likita za ki dawo, ko malama.

Jiya Ɗaso mai ƙosai ta ce da ni a gaban mata, "Hure, wai ɓerayen nan su suke biyan ta albashi, ko ita take biyan su?" Aka yi ta dariya. Na ce ta kula da man suyarta kada ya ƙone.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki rubuto mini ranar da za ki taso.

Mahaifiyarki,
Hure

Kalahari, Afirka ta Kudu
13 ga Rajab

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai zafi. Ba kullum nake samun sabis ba, shi ya sa amsa take jinkiri.

Umma, ba ɓeraye ba ne. Miyakat ake ce musu, dangin tunku ne. In ɗaya ya miƙe a kan ƙafa biyu bai fi gorar ruwa tsayi ba. Sama da shekara talatin ana bin su a wannan daji, wani ya tafi wani ya karɓa, kowace dabba da tarihinta a rubuce tun daga kakanninta. Abin da ake son sani shi ne me ya sa suke wahala saboda junansu. Akwai wadda za ta wuni a bakin rami ba ci ba sha tana renon 'ya'yan da ba ita ta haifa ba.

Ni an ba ni wani gida mai dabba goma sha ɗaya da ba su taɓa sabawa da mutum ba. Aikina in zauna kusa da raminsu kowace safiya har su daina tsorona, su yarda su hau sikeli a auna su. Da ɓarɓashin dafaffen ƙwai ake lallashinsu. Wata uku na farko wutsiya kawai nake gani. Yanzu wata goma, taku biyu ne tsakanina da su. Ba wanda ya hau sikelin tukuna, amma an kusa.

Akwai abin da kullum yake tuna mini da ke. Idan suna tonon kunama kawunansu a ƙasa suke, ba sa ganin gaggafa. Sai ɗaya ya hau kututture ya tsaya, yana wani ɗan kuka a hankali ba ya yankewa. Muddin suna jin sa, sun san akwai mai duba musu. Sak ke a saman matakalar lungunmu: mata suna suya a ƙasa, ke kina salati da ƙarfi da carbi a hannu. In kin hango motar masu kamen 'yan talla sai ki yi shiru, kafin a ƙirga goma kowa ta naɗe kayanta. Wa zai kama mace don ta daina salati?

Mu ma dole kowa ya riƙa yin wata 'yar murya idan zai matso, don su gane shi ne. Da aka ce in zaɓi tawa, muryar salatinki ce ta zo bakina. Ita nake yi musu kullum.

Ɗaya ce take damuna, Mai Tabo. Uwarta, wadda ita ce babbar gidan, ta kore ta sati biyu da suka wuce. Haka suke yi in babbar ta kusa haihuwa. Tana yawo ita kaɗai, ta rame, don ba mai duba mata sama, ba ta iya sunkuyawa ta ci abinci cikin natsuwa.

Maganar takarda na ji, ina tunani a kai.

'Yarki,
Mujahida

Tandabawi
21 ga Rajab

Mujahida,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Hannuna na dama yana ɗan sanyi da safe, ba wani abu ba.

Innalillahi. Salatin Manzon Allah kike rera wa dabbobin daji? Wannan ce tarbiyyar da na ba ki? Ki yi istigfari, ki nemi wata muryar. Kuma ban gode da kwatancen ba. Shekara ashirin da biyu ina kan matakalar nan, rana ta gasa ni, ba a taɓa kama ko tire ɗaya a lungunmu ina sama ba. Da wannan tsayuwar da kason da mata suke ba ni na ciyar da ku bayan rasuwar ubanku. Yau 'yata ta yi karatu ta gano cewa ni da tunku sana'armu ɗaya.

Labarin wadda uwarta ta kora kuma na gane shi sarai. Ba sai kin laɓe a bayan dabba ba. Ranar da za ki tafi na ce in kin zaɓi daji ki zauna a dajin. Na faɗa, ban musa ba. Amma ni ban kore ki ba. Ke kika ja akwatinki kika sauka matakala, ina sama ina kallon bayanki, ba ki waiwayo ba har kika sha kwana. Idan kin rame, ki tambayi kanki wa ya hana ki abincin gidanku.

Kin ce kina tunani. Tunanin me? Dabba ta san ta zauna ta yi renon 'ya'yan wata, ke kin kasa zama kusa da wadda ta haife ki. Ki rubuta wannan ma a littafin naku.

Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Ina share shi ranar Alhamis. Wani lokaci in na dafa shinkafa sai in ga na auna ta mutum biyu, sai in miƙa wa Ɗaso. Ta ce in kin ƙara shekara a can ita za ta yi ƙiba.

Ranar tasowa nake jira.

Hure

Kalahari
5 ga Sha'aban

Umma,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Allah ya sauwaƙe hannun.

Wallahi ba habaici na yi ba. Mai Tabo dabba ce ta gaske, da tabo a kafaɗarta. Na ba ki labarinta ne don ba ni da wanda zan ba. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma ba mai jin Hausa ko Larabci, sai in yi sati ban yi magana da harshen da nake mafarki da shi ba. Salatin kuma ba kalmomin nake furtawa ba, muryar ce kawai, bakina a rufe. Ba zan iya canza ta yanzu ba, da ita suka san ni.

Na ga fushinki tun kafin in karanta. Rubutunki ya yi manya-manya, layukan suna gangarowa kamar za su faɗo daga takardar.

Ga gaskiyar magana. Shugabar aikin ta ce in na tafi kafin su hau sikeli, komawa za su yi kamar ba su taɓa ganin mutum ba, wata goma sha ɗaya ya tafi a banza. Tana ganin nan da wata huɗu za a gama. Don Allah ki sa Yaya Marwan ya sake gwadawa, ko wata biyu a ƙara mini.

Mujahida

Tandabawi
16 ga Sha'aban

Mujahida,

Salam. Lafiya lau.

Tahani ce ta karanta mini saƙonki, rubutun jawwal ƙanana ne kamar tururuwa. Marwan ya ce babu ƙari, kuma na gaya miki tun farko.

Wata huɗu. To. Kin auna uwarki da tunku, tunku ya fi nauyi. Azumi yana tafe, aiki zai yi mana yawa a lungu. Allah ya shirye ki.

Hure

Kalahari
3 ga Shawwal

Umma,

Barka da Salla. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ina fata kina lafiya, amma ban yarda kina lafiya ba.

Sau biyar na rubuto cikin azumi, ba amsa. Anti Tahani ta ce kina gaishe ni, Yaya Marwan ya ce aiki ne ya yi miki yawa. Na ce fushi ne, zai wuce. Har Salla ta zo ba takardarki, ke da ko muna gida ɗaya sai kin rubuta mana nasihar Salla kin liƙa a jikin firji.

Shekaranjiya ina zaune da su, mai gadin yana kan kututture yana ɗan kukansa. Sai ya yanke. Duk suka ɗaga kai lokaci ɗaya, kafin ya ƙwalla ƙara sun kama hanyar rami. Ni sai daga baya na ga gaggafar. Ina zaune a wurin sai na tuna tunda nake ban taɓa ganin fushi ya sa ki shiru ba. In kina fushi magana kike yi, shafi uku, shafi huɗu. Abu ɗaya ne yake sa ki shiru, kuma tun ina goye na san abin da ake yi in Hure ta yi shiru.

Na naɗe kayana. Na gaya wa shugabar aiki zan tafi ranar Laraba, ta yi abin da ta ga dama da gidan.

Mujahida

Tandabawi
5 ga Shawwal

Mujahida,

Wa alaikumus salam. Barka da Salla. Wannan rubutun Tahani ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Ni na hana ta gaya miki komai, ni na hana Marwan, kada ki ga laifinsu.

Ba fushi ne ya sa rubutuna ya yi manya ba. Yanar ido ce ta rufe mini gani. Shekara biyu ke nan tana tafe, tun kafin ki tafi. Da fari kamar hayaƙin suya, daga baya hasumiyar agogon Harami ma sai dai in ga haskenta ba lambobi. Ban gaya wa kowa ba. Na san motar masu kame da ƙarar injinta da yadda take rage gudu a kwana, na ce kunne zai ishe ni.

Sau biyu Maryama mai funkaso tana cewa, "Yaya Hure, ki sauko ki huta, in hau miki ko na yini ɗaya." Na ce da ita, "Ke da ba ki iya bambanta tasi da motar asibiti ba?" Aka yi mata dariya, na ji daɗi. Allah ya yafe mini wannan jin daɗin.

Ran tara ga azumi bayan la'asar, lungu ya cika, kowa tana suyar buɗa baki. Ba da mota masu kamen suka zo ba. A ƙafa suka gangaro, ta gabana, su huɗu. Na ga fararen inuwoyi, na ɗauka masu zuwa Harami ne. Har na janye ƙafata na ba su hanya, Mujahida. Ina salati. Mata suna jin muryata, ba wadda ta ɗaga kai.

Masu iƙama an kwashe musu kaya an sake su. Ɗaso ba ta da takarda, kin sani. Shekara talatin da ɗaya tana garin nan. Da za su wuce da ita ta matakala ta tsaya daidai kaina, na gane ta da ƙamshin man ƙosai. Na jira ta zage ni. Sai ta ce, "Yau kam salatin ya yi tsawo, Hure." Shi ke nan abin da ta ce. An mayar da ita garinsu Tasawa, inda ba ta da kowa sai kaburbura.

Tun ranar ban sake hawa matakalar ba. Ba wadda ta zo ta yi mini gori. Da sun zo da ya fi mini sauƙi. Ina zaune a ɗaki, ina jin Maryama tana salati a wurina, muryarta siririya, tana yawan tsayawa ta haɗiyi yawu, mata suna firgita a banza. Da na koya mata tun bara, da yanzu ta iya. Na ɗauki biro sau da yawa in rubuto miki, sai in ga ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi.

Amma yau zan yi, don na ga za ki maimaita kuskurena ta wata hanyar. Ba za ki taso ranar Laraba ba. An ba ki amanar gida mai rai goma sha ɗaya, kin sa sun saki jiki da ke, yanzu za ki tsere ki bar su kamar ɓarauniya? Dokar lungunmu ita ce, wadda take sama ba ta saukowa sai wata ta hau. Ni na ƙi bari wata ta hau, ke kina so ki sauka ba kowa a wurin. Duk rashin amana ne.

Saura kwana ashirin. Ki nemi wata a cikin abokan aikinki, ki zaunar da ita kusa da ke kowace safiya, ki koya mata yadda kike zama da yadda kike motsi. Ki koya mata muryar. Muryar kawai na ce, ban da kalmomin, sai in ta musulunta. Ranar da kika ga sun fito mata, ki taso. In ba su fito ba har kwanakin suka ƙare, ki taso duk da haka, kin sauke naki.

Likita ya ce za a yi mini aiki bayan Hajji, yana sa ran idon hagu zai dawo. Ba don wannan nake kiran ki ba, Tahani tana kula da ni. Tahani ta ce ƙarya nake yi, don wannan ne. Na ce ta rubuta abin da na faɗa, ta rubuta har da nata.

Waccan da uwarta ta kora, tana raye?

Mahaifiyarki,
Hure

Kalahari
18 ga Shawwal

Umma,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Anti Tahani. Na yi kuka, na gama, na yi abin da kika ce.

Sunanta Dineo, 'yar ƙasar nan ce. Kwana goma sha biyu muna zama tare, kafaɗa da kafaɗa. Na ba ta malfata da tsohon mayafina mai ruwan ƙasa. Muryar ta ba ta wuya, tana jan ƙarshen sama kamar waƙar cocinsu, na yi ta gyara mata kamar yadda kike gyara mini karatu. Jiya na tsaya nesa a bayan wata bishiya, ta je ita kaɗai. Takwas suka fito suka shanya cikinsu a rana a gabanta. Uku sun ƙi. Shugabar aiki ta ce takwas ya isa a ci gaba.

Ba wanda ya hau sikeli a hannuna. Dineo ce za ta rubuta awon farko, da sunanta zai shiga littafi. Ba a yi mini alkawarin gurbina zai jira ni ba. Na ɗauka abin zai fi haka ciwo.

Mai Tabo tana raye. Da uwar ta haihu sai Mai Tabo ta dawo, ta yi kwana biyu tana raɓewa a gefe kafin a bar ta ta shiga. Yanzu ita ce take wuni a bakin rami da jariran.

Jirgina zai sauka Jidda ranar 23 da hantsi. Yaya Marwan zai ɗauko ni.

Mujahida

Tandabawi
20 ga Shawwal

Mujahida,

Salam. Wannan da hannuna na rubuta, ki yi haƙuri da layukan.

Na sa an kira mini Maryama, kwana uku ke nan ina koya mata jan numfashi. Kanta da tauri, amma za ta iya. Ɗaso ta yi waya daga Tasawa, ta ce waken can ba ya tashi, ta ce in gaya miki ki kawo mata ɓera ɗaya tsaraba. Na nemi gafararta, ta ce in bari sai ta gama fushi tukuna.

Ki sa tufafin mutunci, kada ki shigo mini gari da wandon daji. Ki yi niyyar umra tun a jirgi.

Ranar zan sa a kai mini kujera saman matakala, gefen Maryama. Mutane da yawa suna wucewa, duk inuwa ɗaya nake ganin su, kuma ba na so in janye ƙafata in ba ki hanya. In Marwan ya sauke ki a bakin lungu, ki taho kina yin muryar nan da kike yi wa dabbobinki. Kada ki yanke har sai kin iso inda nake.

Mahaifiyarki,
Hure